Zuga-zugi a Sheffield

Huɗu saura kwata na ajiye bas a gareji,
na tako ruwan sama har gida.
Ban cire takalmi ba tukuna.
Nakan tsaya a gindin bene in kasa kunne:
fuuu, shiru, fuuu.
To, yana aiki.

Shekara sha bakwai ke nan
da na sumbaci goshin Kubura
na ji gishiri a leɓena.
Na ce da uwarta, wannan miya ta yi gishiri,
muka yi dariya.
Sai da ta kai biyar likita ya kira sunan abin,
sistik faiburosis,
ya ce ba su zaci samunsa a jinin irinmu ba.
Ashe cuta ba ta duba fasfo.

Kaki ne mai kama da danƙo,
ya tare hanyoyin huhu ya ƙi tashi.
Bara ta fara farkawa da ciwon kai,
iskar da ta kamata ta fita ta kwana a ciki.
Sai suka ba mu injin.
Bai kai rediyon babana girma ba.
Ba a huda maƙogwaro ba, ba a zura komai ba,
takunkumi ne kawai, da mesa
wadda ba ta haɗiye kowa.

Daren farko ta yi jifa da shi.
Ta ce kamar ta leƙa tagar mota tana gudu.
Moira, nas ɗin da ke zuwa ran Talata,
ta sassauta maɗauri, ta ce minti goma ya isa yau.
Goma ta zama awa,
awa ta kai asuba.

Ina yaro ni ke zuga a maƙerar kakana a Tsafe.
Yakan ce, kar ka tura wuta, ta san aikinta,
jira ta nema sannan ka ba ta.
Haka injin nan yake.
Sai ta ja, shi kuma ya taya.

Na tura ƙofa a hankali.
Koriyar fitila, littafin lissafi a buɗe kan bargo.
Idonta a rufe ta ɗaga min yatsa ɗaya:
na ji ka, Baba, je ka kwanta.

Da safe za ta sauko da zanen maɗauri a kumatu,
ta ce ga tsagen gidanmu,
ta haɗiye ƙwayoyi shida da shayi,
ta yi tari, ta ɗauki jaka.
Bas ɗinta bakwai da rabi.