Maƙoƙon Shuwaka

A bayan gidanmu na Hayin Dogo,
inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa Kubanni,
Inna Lantana ta dasa shuwaka biyar
shekarar da gona ta fita hannunmu.

Bana uku sun yi maƙoƙo.
Kara ya kumbura a wuya, kamar ya haɗiyi goro bai tauna ba.
Ganyen sama ya tsuke,
tsawo ya tsaya cak, sai 'yan rassa
da ke fita ta gefe kamar masu neman hanyar gudu.

Inna ta ce baki ne.

Na yanko ɗaya na kai wa Barau,
wanda ya shekara ashirin da shida
yana wanke kwalabe a ɗakin binciken ƙwari na Samaru,
ba takarda, sai ido.
Ya sa reza ya tsaga shi kamar gauta.

Ashe ɗaki ne a ciki, shafaffe, ba ƙofa.
Wata farar tsutsa, kamar shinkafar da ta sha ruwa,
ta miƙe ƙafa tana cin bango.

Ya ce uwarta ƙuda ce, ba ta fi ƙwayar dawa ba,
fiffikenta kamar an ɗiga masa tawada.
Ta soki toho, ta ajiye ƙwai, ta yi gaba abinta.
Sauran aikin shuwaka ce ta yi.
Abincin da saiwa ta aiko wa ganye
shi ta tare a hanya, ta gina wa baƙuwa soro,
ita a zatonta ciwo take ɗaurewa.

Ya nuna mini wani tabo, siriri kamar ɓawon albasa.
Taga ce, in ji shi.
Tun tana da abin cizo take kankare ta,
don ranar da fiffike ya zo
ba sauran bakin huda komai.

Na dawo da rabin karan a aljihu.
Inna na tsugune tana cuɗa ganyen da ya rage,
tana tsiyaye koren ruwan ɗaci, sau uku, sau huɗu.
Damina ta shida ke nan da na gama jami'a,
takarduna na ƙarƙashin katifa a ɗakin zaure.

Ta ce, me suka gano?
Na ce, baƙo ne, Inna.
Ta ce, zai tafi?
Na ce, in ya yi fiffike.

Ba ta ɗago ba.
Ta ce tuwona na cikin kwanon sama,
in ci tun da zafinsa.