Wasiƙu Bakwai a Gwangwanin Biskit

Ta farko ta zo ran Talata.
Tun daga ƙofa na gane tambarin banki.
Na jefa ta gwangwanin biskit na danne murfi,
kamar mai kife ƙwarya a kan kunama.
Ta biyu ta je ta tarar da ita.
Kafin ƙanƙara ta narke a titunan Dayton
sun zama bakwai, suna numfashi a saman firji,
ni kuwa ina wuce su da sanɗa a gidana.

Shekara goma sha tara muna biya,
ni da Wendell, wata na bin wata,
har ranar da masana'antar gilashi ta kashe fitilunta,
ta sallame shi da agogon hannu da tafi.
Wata shida, zuciyarsa ita ma ta tsaya.
Ya bar mini tabarau, da itacen tuffa a bayan gida,
da matakala ta uku mai kuka in an taka,
da bashin da bai san zaman makoki ba.

Wani ya zo da mota mai sheƙi,
haƙora farare tas, murya kamar zuma.
"Uwargida Loretta, sa hannu nan,
kawo dala dubu biyu, in tsayar da gwanjon."
Na ɗauki alƙalamin. Yatsuna suka ƙi.
Odessa maƙwabciya ta leƙo ta shinge:
"Mai ceto ba ya fara lalubar aljihu.
Kura ce wannan, ta zo jinyar akuya."

Ita ta ja ni wani ofis a bayan coci,
wurin Thaddeus, mai shawara, ba ya karɓar ko sisi.
Ya ce in zazzage gwangwanin a tebur.
Ya farke su ɗaya bayan ɗaya da bakin makulli.
Ashe ta uku tayi ce, ba barazana ba:
cewa suka yi in kira, a zauna, a duba.
Wa'adinta ya wuce tun kafin Kirsimeti.
Na yi kuka, ba don gidan ba,
don tsoron da na yi ta ciyarwa yana cin gidan.

Ya ce, "Rana ba ta faɗi ba tukuna.
Banki ba zai kwana a ɗakinki ba, kuɗinsa yake so.
Rubuta musu abin da ya same ki, ba ado, ba kunya.
Haɗa da takardar albashi.
Nemi su ɗaga miki ƙafa,
su ja shekarun, su sassauta na wata.
Duk wanda ya ɗaga waya, rubuta sunansa da ranar.
In sammaci ya zo, kada ki ɓuya.
Je ki, ki nemi zaman sulhu."

Sau goma sha ɗaya na kira.
Sau biyu suka ce takarduna sun ɓata,
na sake aikawa, haƙora a cije.
Na sayar da motar Wendell har da ƙamshinsa.
Ɗakin ɗinki na ba Marisol haya,
ɗalibar jinya mai dafa wake da tsakar dare.

Ta takwas ta zo ana yayyafi.
A tsaye na buɗe ta, ban ko cire takalmi ba.
Gwajin wata uku, in na cika, a sake yarjejeniya.
Na lissafa da yatsu: sai na kai saba'in da takwas
kafin gidan nan ya zama nawa ni kaɗai.
To, Allah ya kai mu.

Jiya na wanke gwangwanin na zuba biskit.
Marisol na saukowa,
matakala ta uku ta yi kukanta,
na tsaya da cokali a hannu ina saurare.