Jarfar Wanzami

Shekara arba'in da 'yan kai
ina rataye da zabira daga Mandawari zuwa Ƙofar Wambai,
maganata ɗaya ce a zaure: a buɗe masa baki.
Ƙoshiya a kan harshe, aska mai lanƙwasa,
kafin uwa ta kau da kai na ɗauke beli,
na miƙa mata jinjiri yana tsala ihu.
Ban taɓa tambayar kowa ko da zafi ba.

Bara, bayan Sallar layya,
loma ta fara tsaya mini a hanya.
Na ce ƙashi ne. Na ce goro ne.
Na sha jiƙo, na kuskure da ruwan kanwa,
na zura yatsan da ya san maƙogwaro dubu,
ashe bai san nawa ba.
Kunnen hagu ya ɗauki zugi,
murya ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti.
Azumi ta daina sa mini yaji a tuwo,
ba ta ce komai ba.

Nazifi ya tare mana Adaidaita.
A asibiti suka nuna mini cikin wuyana a allo:
ƙari ne, a gindin harshe, ya kai ƙwallon dabino.
Na san abin da ke biye.
Na ga Ɗanliti mahauci
da aka tsaga wa haɓa, aka buɗe muƙamuƙi kamar ƙyaure,
ya dawo Jakara da ɗinki har wuya,
yana ciniki da hannu.

Likitar, Dakta Rumasa'u, ba ta kai 'yata ta uku ba.
Ta ce, Baba, me zai sa mu fasa katanga
alhali gidan yana da ƙofa?
Ta baki za mu shiga.

Ta nuna mini na'urar.
Hannuwa uku, sirara kamar tsinken tsire,
ɗaya da ido a bakinsa,
biyu suna karya kwana inda yatsa ba ya kai.
Ita kuma can gefe za ta zauna,
ta cusa kai cikin akwati
kamar mai hoton Sabon Gari na zamanin ƙuruciyarmu.
Na ce, to wa ke riƙe da askar, ke ko ƙarfen?
Ta ce, hannuna ne, tsawo kawai ya ara,
kuma ba ya rawa.
Na dubi nawa a kan cinya.
Na mayar da shi aljihu.

Da suna ɗaura mini ruwa na ce, 'yar wace unguwa ce?
Ta ce Mandawari.
Na ce, to wataƙila ni na yi miki.
Ta yi dariya a bayan ƙyallen fuska:
nawa yana nan, Baba, mahaifina ya hana.
Sai ta ce, buɗe bakinka.
An ce wanzami ba ya son jarfa.
Na buɗe.

Da na farka haɓa na fara shafawa.
Gemuna yana nan, ko gashi ɗaya ba su taɓa ba.
Amma ciki, wayyo, ciki
kamar na haɗiyi garwashin mai balangu.
Roba a hanci, kwana tara,
yawu kansa sai da shawara.
Ran na goma wata ma'aikaciya ta zo da cokali
tana koya wa ɗan sittin da bakwai haɗiyar koko:
sunkuyar da kai, riƙe numfashi, yanzu.
Ya wuce.
Azumi ta juya tana gyara labulen da ba ya bukatar gyara.

Abin da suka cire yana kwalba, ana bincike,
an ce mu koma ran Talata.
Ban san me Talata ta ƙunsa ba.

Jiya Sabi'u tela ya aiko, an yi masa haihuwa.
Na je. Na yi wa yaron aski, tas, har ƙeya.
Ya yi hamma a hannuna,
na hango ɗan belinsa can ciki,
ja, yana lilo.
Kakar ta ce, Malam Tanko, saura ɗaya aikin.
Na naɗe askata.
Na ce da muryar da aka bar mini,
a'a, Hajiya, yau aski kawai.