Atamfar Filomen

A Yagwa, bayan tashar mota, rumfata take:
keke ɗaya, almakashi biyu, rediyo mai tari.
Shekara goma sha ɗaya nake wa Filomen Maiwore ɗinki,
rigunan baftismar jikoki, farin ɗankwalin zumuntar mata,
har baƙin da ta sa bayan mijinta
ni na kafa masa maɓalli.

Ran Talata ta zo da atamfa, turmi guda,
fuskar Gasto a jiki, ashirin da huɗu na ƙirga,
duk da murmushi iri ɗaya.
Na ce, riga da zani ko doguwa?
Ta ce, Sabi'u, ajiye tukuna.

Ta zauna a benci,
carbinta mai gicciye yana yawo a yatsu.
Gasto nasu ne, in ji ta.
Tare suke durƙuso, shi a sahun gaba.
Shi ya sayi kwanon da ya rufe cocinsu
har ruwa ya daina ɗiga a littafin Fada.
Amma shi ɗin aka damƙa wa kuɗin gyaran madatsa,
kuma da Logon ya tumbatsa bara
bai tsaya duba kwano ba.
Shinkafarta ya ci, da awaki uku,
da yaron maƙwabciya
wanda ba a gani ba sai rana ta huɗu.

Ɗaya ɗan takarar, Hamajam,
goshinsa irin nawa ne, da tabon salla.
Ba ta san zuciyarsa ba.
Kwalekwalensa ta sani,
da ya kwashe su cikin dare bai tambayi sunan kowa ba.

Ran Lahadi, ta ce, an karanta musu wasiƙa.
Kowa ya kasa kunne ya ji suna,
ba a faɗi suna ba.
An ce ku tambayi lamirinku,
ku duba wa zai tuna da wanda ba shi da mai faɗa masa.
Aka fito ana ƙunƙuni:
an ba mu mudu, an bar mu da awo.

Na ce, ai wannan da sauƙi.
Ta harare ni. A wurinka!
Ni zan bi layin karɓar Jibi a bayan matarsa.
Ni za a nuna da baki, ga wadda ta sayar da gida.
Barnabe mai koya wa yara addu'a
ya ce mini naka sai naka.
Kwana uku ina tambayar Uwa Maryamu,
ba ta ce Gasto ba, ba ta ce Hamajam ba,
fuskar yaron nan kawai ke dawo mini
da laka a gashin idonsa.

Ran zaɓe, bayan addu'ar farko, na hango ta.
Yaran Gasto na gindin darbejiya
suna karɓar ragowar takardun da ba a sa a ambulan ba,
jaka biyu ga wanda ya nuna shaida.
Ta buɗe musu tafin hannu.
Babu komai sai tawada a ɗan yatsa.
Ban tambaye ta ba.
Ita ma ba ta faɗa ba, har yau.

Da Litinin ta dawo.
Ta ce ta aika a karɓi kayansu, sun ce kyauta ba ta komawa.
To, yanka, ɗinka mini buhuna, ka ninka bakin sosai.
Na ce, na hatsi?
Ta ce, na yashi.
Damina saura wata uku,
kuma shi ya yi alkawarin tare ruwa.

Shida suka fito.
Suna can a jere inda madatsa ta tsage,
fuska na kallon kogi,
tana murmushi.
Kuɗin ɗinki kuwa, na ce ta bar shi.
Ta ajiye a kan keke ta tafi.