Fulogin Zuciya

Shekara talatin ina kwance injin ban ruwa
a rumfata ta bakin hanyar Zango.
Tun daga tarinsa nake gane cutar inji.
Nawa ƙirjin ya yi wata huɗu yana tari,
ban gane ba.

Takalmi ne ya fara tona asiri,
ya ƙi karɓar ƙafa.
Sai matashi ya zama uku,
sai barci ya koma na zaune.
Daga gida zuwa masallaci taku tamanin ne,
na raba shi zango biyu,
ina dafa katanga kamar mai duba aikin magini.

Muka bi ta Mashi da sassafe, ni da ɗiyata Hansatu.
A Katsina likita ta shafa mini mai mai sanyi,
ta ɗora na'ura.
Na ga zuciyata a allo, baƙi da fari,
ta buɗe kamar aljihun tsohuwar riga,
tana matsa jini da lallashi.

Ta ce naman ne ya saki.
Ta ce akwai wani ɗan sinadari
da jiki ke ƙera wa kansa,
shi ke taya tsoka mai da abinci ƙarfi,
nawa kuma ya yi ƙasa.
Na ce: wato ga mai a tanki, fulogi ne ba wuta?
Ta yi dariya.
Ta ce: ba daidai ba, Malam Rabe, amma ka yi kusa.

Ga su nan a kwalba,
'yan ƙwayoyi masu laushi, launin gwaiduwa.
Sai da maiƙo suke ratsa jiki,
shi ya sa Hansatu ke ɗiga man gyaɗa a kan wake
ta tsaya a kaina har in haɗiye.
Gishiri kuwa mun yi sallama,
ba don na so ba.

Likita ba ta yi mini alkawari ba.
Ta ce ɗan rakiya ne,
kada in kori sauran magani dominsa.
Wani ya ga amfaninsa, wani shiru.
Kwalba ɗaya kuɗin gyaran inji uku.
Na lissafa, na sake lissafawa,
na sayar da tsohuwar janareta.

Yanzu Mati ke jan igiya,
ni ina kan benci ina ba da kunne.
Jiya wani inji daga Sabke ya ƙi tashi,
ja bakwai, ba ko atishawa.
Yaron ya ce a jefar.
Na ce miƙo fulogin.
Na kankare shi a hankali, na hure,
na mayar.

Da la'asar na tafi masallaci.
Sau ɗaya na tsaya.
Ko ƙwayar ce, ko sauran, ko sanyin yamma,
ban sani ba.
Na dai gai da katangar, na wuce.