Ranar Awo

Ranar Talata likita ke zuwa gidanmu na bayan tashar Tawa,
ma'auni ɗaure a bayan babur,
littafi mai shuɗin bango cikin jaka.
Mu hau da su ɗaya bayan ɗaya.
Kilo arba'in da ɗaya. Talatin da takwas.
Ya rubuta, ya ja layi,
ya ce mai irin wannan rikicewa, ran da ya daina haɗiya,
a fara ƙirga masa watanni.

Ni ma ina da nawa lissafin,
littafin ne kawai ba ni da shi.

Mushe Nomau ya yi shekara talatin da alli a hannu.
Ɗansa ya kira daga Abijan, na kara masa wayar a kunne,
ya ce, yaro, ɗan gidan wa ke nan? Ka gai da babanka.
Amma hantsi na yi sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga,
ya kira sunayen 'yan lakwal ɗinsa, babu tsallake:
Arzika, Hankurau, Gomma, Ɗan-Baro.
Ni ce ke amsawa duka, ina wanke kwanoni.
Ran da na yi jinkirin amsa Gomma
ya ce gobe in zo da mahaifina.

Shi kuwa Mantau, uwarsa ce ta raɗa masa sunan
don ta manta huɗun da ta binne kafin shi.
Yanzu sunan ya dawo karɓar bashi.
Rana na sunkuyawa zai naɗe tabarma:
zan tafi gida, an bar awaki ba ruwa.
Da farko kulle ƙofa muke, ya buga har hannu ya kumbura.
Yanzu na kan ce, muje, ni ma can na nufa.
Mu kewaya bishiyar dogon yaro sau uku,
mu shigo ta ƙofar da muka fita.
Ya tuɓe takalmi, ya sauke numfashi,
ya ce, kai, tafiya ta yi nisa.
Daren nan barcinsa har da minshari.

Tsahara ba ta yi magana ba tun kaka.
Cokali ya doso, ta datse haƙora.
Wata rana na ajiye faifan wake kusa da ita, na je ɗauko tsintsiya,
na dawo na tarar ta ware tsakuwa gefe,
mai ƙwaro gefe,
yatsun nan suna gudu kamar ba su ji labarin ciwon ba.
Tun ranar, wake ɗaya nake zuba wa tsakuwa kowace safiya.
Allah Ya yafe mini wannan ƙaryar.

Daren da kuran ya ɗauke, zafi ya kore mu tsakar gida.
Na yanka mangwaro, na shafa mata a leɓe.
Ta lasa. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san ta rage ba,
ta tsotse har ƙwallo,
ruwan na bin gwiwar hannunta,
ta ce, na Allah da daɗi.
Kalma huɗu, bayan wata bakwai.

Kwana tara ta ƙara.

Talata likita ya buɗe shafinta,
ya rubuta: wata goma sha tara a gidan nan.
Mutumin kirki ne, har ya cire tabarau ya yi addu'a.
Na leƙa ta kafaɗarsa ina neman gurbin mangwaro.
Akwai na nauyi, akwai na hawan jini, akwai na ranar fita.

Ya ce, wa ke biye?
Daga can ɗaki Mushe ya riga ya fara kira,
ya kai kan Gomma,
na ce da likita ya ɗan dakata.