Tsohon Siton Auduga

Shekarar da injina ya yi tari ya mutu,
albasata tana tsakiyar shan ruwa.
Na ɗaure shi a bayan babur kamar majinyaci,
daga Dadin Kowa har cikin Gombe.
Aka ce mai gyaran ya koma Fatakwal,
yaronsa ya bi shi,
yaron yaron ma yana tasha, yana jira mota ta cika.
Kwana tara na yi.
Na dawo na tarar da fadama
ta tsattsage kamar faso a dunduniya.

Haka garin yake a lokacin:
mu haifa, mu yaye, mu raina,
hannu na fara sanin ƙarfe, sai ya nemi jaka.
Giɗaɗo ɗan ƙanwata,
da yake kwance rediyo tun bai iya ɗaure wando ba,
murya kawai ya bar mana a waya.
"Kawu, in na zauna, wa zai ƙara mini sani?"
Ba ni da amsa. Na ce Allah ya tsare.

Ga ruwa har ruwa a bayan madatsa,
mu a gindinsa muna cigiyar mai riƙe sufana.

Wata damina aka buɗe tsohon siton auduga.
Aka kori jemagu, aka share kashin ɓera,
aka shigo da tebur shida, da allo,
da kwamfutoci huɗu, ɗaya ba ta tashi sai an lallaɓa.
Na yi dariya a majalisa, ban ɓoye ba.
Na ce mun ga irinsu:
a yanka ƙyalle, a ci shinkafa, a ɗana kwaɗo.

Ba a ɗana kwaɗon ba.
Malam Barkindo, da ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙar Kaduna,
yana zuwa da hantsi, da tabarau ɗaure da zare,
ya baje cikin inji a kan buhu
kamar mahauci yana nuna wa yaro hanta da huhu.
Ba ya tsawa. Sai dai ya ce, "Sake."

Rifkatu 'yar Kaltungo, mai yi mana allura a asibiti,
sau biyu tana rubuta takardar neman canji.
Yanzu bayan magariba tana can cikin siton,
tana karatun ƙarin girma a gaban kwamfuta.
Takarda ta uku ba ta rubuta ba.
Har ta dasa gwanda a ƙofar gidan haya.

Ba zan yi ƙarya ba, wasu sun koya sun tafi.
Ilu ya karɓi shaidarsa ranar Laraba,
Asabar yana Abuja.
Ban ga laifinsa ba, kowa da inda rabonsa ya faɗi.

Amma bana injin nan ya sake tari.
Na kama igiya zan ɗaure shi a babur,
sai Hansatu, autata, ta ce, "Baba, sauke."
Ta naɗe hannun riga, ta kasa kunne,
ta zaro wani ɗan abu bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
ta hura, ta goge da bakin mayafi, ta mayar.
Kafin la'asar ruwa na bin kwali kwali.
Na ba ta ɗari biyar, ta ce kuɗin aiki dubu ne.

Giɗaɗo ya zo da babbar salla.
Ya daɗe tsaye a tagar siton, bai shiga ba.
Da dare muna cin tuwo ya ce, kamar da wasa,
"Kawu, shagon nan na kusa da tasha,
nawa ake ba da shi a shekara?"
Na ci gaba da yankar lomata.
Na ce gobe ma tambaya.